Fatun da Kawu Ya Kai da Ƙafarsa

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, kuma Kawu ya riga mu komawa ranar Talata da hantsi. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa. Kafin la'asar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da ke Ƙofar Dundaye, na zauna cikin masu karɓar gaisuwa, ina amsa "amin" kamar kowa.

Dukawa tsofaffi, abokan sana'arsa ta ɗinkin fata, su ne suka fara zuwa. Ɗaya daga cikinsu, wanda idonsa ya kusa tafiya, ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Yau ɗunki ya mutu Sakkwato," in ji shi. "Wa ar rage? Mu da ba mu ganin kahwar basilla?"

Liman ya ce Kawu mutum ne mai haƙuri. Wata tsohuwa ta aiko daga cikin gida a faɗa mana cewa gafakar da ya ɗinka wa mijinta tun suna amarci har yau ba ta ɓalle ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma na lura da wani abu: kusan duk wanda ya gama yabo sai ya sassauta murya ya ƙara da cewa, "Allah shi yahe mishi abin ga na hwatu." Wasu samari biyu suka zo wucewa, ɗaya ya tambayi wa ya rasu, ɗayan ya ba shi amsa ba tare da ya ko rage murya ba: "Tsohon ga da anka kama da hwatun kada, anka nuna ga talabijin."

Sai ga ƙanensa, wanda muke kira Kawu Ƙarami, ya fito daga mota da babbar riga tana ƙamshin turare. Aka tashi aka ba shi wuri a gaba. Ya ɗaga hannuwa ya yi doguwar addu'a, ya rufe da roƙon Allah ya gafarta wa yayansa kurensa, domin ɗan Adam ba ya rasa kure. Jama'a suka shafa, ni ma na shafa. Mutum ɗaya ne bai ce komai ba, wato Ticha, maƙwabcin Kawu, Kirista ɗan ƙasar Filato da ya tsufa yana koyarwa a firamare a garin nan. Ya zauna a bakin tabarma, hularsa a kan gwiwa, yana kallon ƙasa.

Kawu bai bar gona ba, bai bar mota ba. Sunansa kawai yake da shi, kuma da tabo aka binne sunan. Ni kaɗai ne a wurin nan zan iya buɗe baki in ce ba kama shi aka yi ba. Kwana uku na zauna a kan tabarmar nan ban faɗa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Da mahaifina ya rasu shi ya ɗauke ni, kuma shi ya kai ni makarantar boko a lokacin da dangi suke ganin hakan zubar da yaro ne. Shi kansa ko harafi ɗaya na boko bai sani ba. Ranar da na sami aikin akawu a ofishin da ke kula da daji da namun cikinsa, ya daina kirana da sunana. Ko a masallaci sai ya ce, "Akawu, matso," har mutane su juyo. Ina jin kunya, shi kuwa ko a jikinsa.

Yawancin aikinsa da fatar jar akuya yake yi, irin tamu ta Sakkwato. Fatar kada da ta mesa da ta guza don ado ne: bakin kube, murfin alabe, fuskar takalmin ango. Idan maharbi ya kawo masa fata, ba ya fara tambayar kuɗi. Sai ya shimfiɗa ta a cinyarsa, ya sunsuna, ya auna da tafin hannu. In ta gaza abin da yake so sai ya naɗe ya miƙa wa mai ita.

"Wanga bai isa mutuwa ba," haka yake cewa. "Tahi da abinka."

Lokacin da dabbobin nan suke ƙwai kuwa, ko kyauta ka kawo ba ya karɓa. Maharba sun sha zaginsa a bayan ido, suna cewa tsohon nan ya ɗauki kansa alƙalin kadoji. Ba kuma wani taushin zuciya ne da shi ba. Mutum ne mai tsini a baki, wanda in ka kawo masa gyaran takalmi sai ya fara gaya maka cewa tafiyarka ce ba ta da kyau. Matarsa, Inna, takan ce da a ce ana ɗinke baki da basilla, da ta daɗe da roƙon aron tasa.

Amma ga abin da ya yi wa Ticha. Wata damina ɗakin Ticha ya yi yoyo, littafinsa na coci ya jiƙe, bangonsa ya saɓule. Kawu ya gan shi yana shanya shi a kan katanga. Sai ya auna littafin da ido. Bayan kwana huɗu ya aika masa da riga ta jar fata mai maɗauri, irin wadda yake yi wa littattafan malamai. Magana ta tashi a unguwa. Wani ya tare shi bayan sallar la'asar ya ce bai kamata ba.

"Littahi na," in ji Kawu, "ruwa ka taɓa shi awa kowane littahi. Kuma maƙwabcina na. In kana da wata magana, kawo takalminka in duba."

Daga nan maganar ta mutu.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Wanda bai ga Sakkwato a shekarun nan ba ba zai gane ba. Mutumin da jiya yake kan jaki yau ya zama ɗan kwangila. Aka fara gina jami'a can wajen Kwalkwalawa, baƙi suka cika gari, Turawa da mutanen kudu da Larabawa, kuma kowa matarsa tana son jakar kada. Maharba suka ajiye tarko suka ɗauki bindiga. Babba da ƙarami, mai ƙwai da marar ƙwai, duk wanda ya ɗaga kai a bakin gulbi ya tafi. Kawu Ƙarami ya jefar da basilla ya zama mai saye, yana tara fatu yana cika mota ana yin kudu da su. Cikin ɗan lokaci ya gina gidan siminti a unguwar Gidan Dare.

Ina shagon Kawu ranar da suka ɓata. Kawu Ƙarami ya shigo da buhu ya ajiye, ya ce wani Bature yana son alabe masu yawa, kuma aikin yayansa kawai yake so. Kawu ya kwance buhun ya zazzage a ƙasa. 'Ya'yan kada ne, wasu ba su fi tsawon hannun jariri ba.

"Mi na wanga?"

"Aiki na, Yaya. Kuɗɗi na."

"Ɗiyan kada kaka kashewa? In sun ƙare mi za ka saida, hwatar uwarka?"

Uwarsu ɗaya ce, amma Kawu in ransa ya ɓaci ba ya tuna irin wannan. Kawu Ƙarami ya ce duniya ta canza, wanda ya tsaya auna fata da tafin hannu zai mutu a kan buzu. Kawu ya ce ya yarda ya mutu a kan buzun. Ya sa ƙafa ya tura fatun waje ɗaya bayan ɗaya, har cikin kwata. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma sai a wurin suna ko jana'iza.

Shekaru suka wuce, kuɗin suka fara janyewa, sojoji suka sake karɓar mulki. Kada kuwa ya riga ya zama labari a gulbin da muka yi wanka muna yara. A lokacin ne doka ta fito. Ƙasarmu ta riga ta sa hannu a wata yarjejeniya da ƙasashen duniya kan a daina cinikin namun dajin da ake tsoron su ƙare, sai sojoji suka mayar da ita doka, da kada da mesa da guza duk a ciki. Har yau ina cewa dokar nan daidai ce. Ta makara ne kawai, kuma da ta zo ba ta san ƙofar gidan da ya kamata ta ƙwanƙwasa ba.

Ni na kai wa Kawu labarin, ranar wata Juma'a muna cin tuwo. Na yi masa bayani dalla-dalla, ina jin kaina, har da kaɗa hannu.

"Ƙasashen duniya dut sunka zamna?" ya tambaya.

"Duk, Kawu."

"An kira maharba? An kira dukawa?"

"Ba a kira ba."

Ya murza loma. "To ko ba a kira mu ba, gaskiya sunka hwaɗi. Sai dai sun daɗe bisa hanya."

Daga nan ya ɗaga kai ya dubi rufin shago. Akwai fatun kada a rataye a can, tsofaffi, wasu tun na mahaifinsa, waɗanda yake yanka kaɗan-kaɗan kamar mai tsoron su ƙare. Ya ce to waɗannan fa? Inna tana bakin ƙofa, ta ce a yi yadda kowa yake yi, a kai su ƙauye a ɓoye a rumbu har ƙura ta lafa. Ni kuwa na yi dariya. Na ce ai ɓoyewa ita ce laifi. Na ce ya kai su ofishinmu da kansa, za a rubuta cewa tsofaffi ne, a ba shi takardar shaida, ya dawo ya ci gaba da aikinsa hankali kwance. Ban tambayi kowa ba kafin in faɗi haka. Na ga kamar haka ya kamata a yi, sai na faɗa kamar na gani a rubuce.

"Kin jiya?" ya ce wa Inna. "Akawu ya hwaɗi. Ni ban taɓa ɓoye ma hukuma komi ba, ba ni hwarawa da hurhura."

Ranar Litinin da safe ya sa rigarsa ta zuwa masallacin Juma'a. Ya jera fatun a amalanke, ya rufe da tabarma don rana, ya tura da kansa tun daga Ƙofar Dundaye har ƙofar ofishinmu.

Abin da ban gaya masa ba, domin ban ɗauke shi da muhimmanci ba, shi ne halin da ofis yake ciki. Ana jiran manyan baƙi daga Ikko, babban birnin ƙasa a lokacin, su zo su ga yadda ake aiki da sabuwar doka, kuma ba a kama ko mutum ɗaya ba. Ba don babu masu laifi ba. Kowa ya san gidajen da motoci suke lodi, kowa kuma ya san su wa ke tsaye a bayansu. A kwanakin nan korar ma'aikaci ba ta da wuya, sai dai ka ji sunanka a rediyo. Shugabanmu ya rame don tunani. Sai ya leƙa ta taga ya ga tsoho da amalanke cike da fatun kada, a tsakar harabarsa.

Kafin in fito daga ɗakinmu an kira 'yan sanda. Na iso bakin ƙofa da fayil a hannu na tarar an kewaye shi. Yana ta bayani, yana cewa kawowa ya yi a rubuta. Shugaba ya daka masa tsawa.

"Wa ya ce ka kawo? Ka san wani a nan?"

Tsakanina da Kawu bai fi taku biyar ba. Kalma uku ta ishe ni: ni na ce. Ban faɗe su ba. Na tuna matata tana da ciki, na tuna gidan haya, na tuna rediyo. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ba zan sa masa wani suna ba. Kawu ya dube ni sau ɗaya, ya ɗauke ido ya mayar kan shugaba.

"Ban san kowa ba. Doka naj ji, nak kawo."

Aka sa shi a mota. Bayan awa ɗaya shugaba ya ajiye mini takarda da rubutun hannunsa ya ce in buga, kwafi huɗu. Na karanta. An rubuta cewa ma'aikatanmu, bayan dogon bincike, sun kama wani baduku yana shirin fita da fatun namun daji zuwa bakin iyaka. Na sa takarda a tafireta na buga. Hannuna bai ko yi rawa ba, wannan ma yana cikin abin da ba na yafe wa kaina.

Baƙi suka zo. Aka tsayar da Kawu a gaban fatunsa, rigar Juma'ar ta yamutse, aka ɗauki hotonsa aka nuna a talabijin. Aka tara fatun aka cinna musu wuta, baƙi suka tafa. Na san fatun nan ɗaya bayan ɗaya tun ina yaro, kuma na duba da kyau: manyan guda uku na mahaifinsa ba sa cikin wutar. Inda suka shiga, Allah ya sani, ni ma ina da zato. Bayan kwana biyu aka sake shi, wai an duba tsufansa. A makon nan motar Kawu Ƙarami ta yi lodi kamar kullum, sai dai yanzu da tamfol a kai.

Ba fatun ne suka karya shi ba. Ya koma kan jar akuyarsa, hannunsa bai canza ba. Amma a da, in za a ɗaura aure a unguwa shi ake kira shaida, in dukawa biyu suka saɓa shi ke raba su. Duk wannan ya tsaya, ba tare da kowa ya ce an tsayar ba. Wata rana ya je wurin manyan dukawa da kansa ya ce musu, "Da ƙahwata nak kai su." Suka ce sun ji, amma hukuma ta faɗi nata, kuma wa ya gani? Ya tashi ya sa takalmansa. Inna ce ta ba ni wannan labari, tana kallona, ni kuwa ina kallon bango. Daga baya ya bar sahun gaba a masallaci ya koma can baya kusa da ƙofa. Tsinin bakinsa ma ya tafi. Ka kawo masa takalmi ya gyara ya miƙo maka, ba zai ce komai game da tafiyarka ba.

Ni kuwa ban fasa zuwa cin tuwon Juma'a ba, domin rashin zuwa zai sa a yi tambaya. Yakan tura nama gefena kamar yadda ya saba tun ina ƙarami. "Ci, Akawu." Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Na sha shirya abin da zan faɗa a hanya, in na zauna sai in ce bari sai an canza shugaba, bari sai an ƙara mini girma, bari sai sojoji sun tafi. An canza shugaba, an ƙara mini girma. Abin da nake rarrashin kaina da shi shi ne, Kawu ya san na yi shiru a bakin ƙofa, amma bai san takardar ba. Ba ya karatun boko. Na ce ko ba komai, rabin laifina kawai ya sani.

Ranar sadakar uku, bayan an watse ana naɗe tabarmi, Ticha ya ce in raka shi. Muka taka har bakin ƙofarsa, yana dogara sanda. Sai ya tsaya.

"Akwai abin da ya ce kada in faɗa maka yana da rai," in ji shi. "Yanzu ba ya nan, ni ma na kusa. Ba zan tafi da shi ba."

Na ce ina ji.

"Ranar da aka sake shi, sun ba shi kwafin takardar nan. Ko gida bai shiga ba, ya zo wurina ya ce in karanta masa, in juya da Hausa, kada in tsallake komai. Na karanta. Ya sa yatsa a can ƙasa ya ce, waɗannan ƙananan fa? Ka san yadda kuke yi a ofis, mai bugawa yakan sa haruffan farko na sunansa. Na so in ce ba komai ba ne. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba."

Na jingina da katanga.

"Me ya ce?"

"Ni na fara magana. Na ce masa, Baba, mu je wurin manya da takardar nan, yaron nan ya faɗi gaskiya, sunanka ya wanku. Ya ce a'a, za su kore shi, kuma matarsa ta kusa haihuwa. Sai ya sake miƙo mini takardar ya ce in duba masa da kyau, akwai kure a bugun? Na duba na ce babu, ko ɗaya. Ya naɗe ta ya sa a aljihu. Ya ce, to alhamdu lillahi, karatun bai tahi banza ba."

Ticha ya shiga gida ya bar ni a tsaye.

Shekara da shekaru ina cin tuwon mutumin nan, yana tura mini nama, ya san komai. Ga shaidar da na hana shi lokacin da za ta amfane shi, a karanta wa manyan dukawa, a karanta wa Liman, a karanta wa Kawu Ƙarami in yana da kunnen ji. Ba a kama Kawu ba. Tun kafin ƙasashen duniya su zauna yake bin dokar nan shi kaɗai a shagonsa. Da ƙafarsa ya tura fatun nan zuwa ofis, ni na ce ya kai, ina tsaye aka tambaye shi na yi shiru, kuma ni na buga ƙaryar da aka binne shi da ita.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yalwata masa kabarinsa, ka mayar da shi sahun gaba. Masu roƙa masa gafara kan abin nan na fatu kuwa, ku daina. Ni za ku roƙa wa.